Taku Bakwai Daga Bakin Ƙofa

Na ga saƙonninku, kuma na karanta su kaf, har da na 'yar uwar nan da ta ce in rufa wa kaina asiri in auri likitan haƙori, wai so ba ya cika ciki. Na gode da shawara. In kina ciki ki yi magana, Gwaggona ta Uku tana raba lambarsa kamar katin biki.

Waɗanda yau suka fara leƙowa, ku matso. Sunana Ke Ruolan, a gida A-Lan. Shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a wani shagon magani a cikin birnin Quanzhou. Ni da Mama muke zaune a hawa na goma sha ɗaya, a gidan da ta zaɓa saboda dalili ɗaya tak: ko ta wace taga ka leƙa ba za ka hango teku ba. Babana masunci ne. Ya fita wata safiya ina 'yar shekara takwas, har yau ba a ga ko takalminsa ba. Tun daga nan ko a talabijin aka nuno teku, Mama tashi take yi ta ce za ta duba tukunya.

To sai ga ni, 'yarta tilo, duk mazan birnin nan ban ga na so ba sai Minghai, mai gyaran injin jiragen ruwa, wanda tsakanin ƙofar gidansu da ruwa taku arba'in ne in teku ya cika. Shi ma teku ne ya ci babansa. Kuma tunda ranar wanka ba a ɓoye cibi, bari in faɗa muku abin da na ɓoye wa Mama wata goma sha huɗu: Minghai yana cikin mutum shida na ƙauyensu masu fita da jirgin ceto. In guguwa ta taso kowa gida yake gudu, su kuma a lokacin suke tayar da inji.

Mahaifiyarsa, Inna Baozhu, ta aiko mana da jar takarda mai ɗauke da rana da sa'ar haihuwarsa, kamar yadda ake yi. In Mama ta ɗora ta gaban hoton Baba ta kwana uku ba a fasa ko kofi a gidan ba, magana ta zauna. In ta mayar musu da ita, an gama. Mama ba ta ɗora ba, ba ta mayar ba. Ta ninke ta ta jefa a jaka.

"Ni ban ce a'a ba," in ji ta. "A kai Malam Zhuang ya duba fengshui na gidan. In ya ce gida ya zauna daidai da iska da ruwa, sai mu ga abin yi."

Ran Asabar muka je. Gwaggo ta Uku, ƙanwar babana, ita ta gayyaci kanta. Ta sha jar riga mai furanni, awarwaron zinariya uku a hannu ɗaya, gashi ya sha rini baƙi ƙirin har yana ƙyalli. Mama kuwa rigarta mai ruwan toka ta sa, wadda take zuwa asibiti da ita, kuma tun da mota ta fara gangara gaɓa ta maƙale idonta a bayan kujerar direba. Malam Zhuang yana gaba, tsoho ne mai ciwon gwiwa, ya rungume jakarsa yana gyangyaɗi.

Gidan su Minghai tsohon gini ne, ƙasansa dutse, bangonsa ɓawon kawa jere reras, rufinsa ya ɗaga baki biyu kamar bindin tsattsewa. Inna Baozhu ta tare mu a waje, gashinta daure da furanni irin na matan ƙauyen, hannunta duk tabon wuƙar ɓare kawa. Minghai ya sa farar riga, ya goge farcensa har sun yi ja, amma baƙin man inji bai fita duka ba. Na ga Gwaggo ta kalli farcen ta taɓe baki.

Da farko abin ya yi daɗi. Malam ya zaga baya ya ga tudu, ya gyaɗa kai. Ya dawo gaba ya ga yadda gaɓar ta lanƙwaso ta rungumi gidan, ya sake gyaɗa kai.

"Tudu a baya, ruwa a gaba, kuma ruwan ba mai dukan ƙofa ba ne. Wanda ya kafa gidan nan ya san abin da yake yi."

Ya shiga ciki ya tsinci 'yan ƙananan laifuka. Ƙofar gaba tana kallon tagar baya tsaf, duk arzikin da ya shigo zai zarce ya fice, sai a sa shamakin katako a tsakani. Madubin falo yana ɗauko teku yana zubawa cikin ɗaki, a juya shi. Kan gado kada ya jingina da bangon da igiyar ruwa ke wa ƙara. Minghai yana ta rubutawa a wayarsa kamar ɗalibi, ni kuwa zuciyata fes.

Sai yayyafi ya sauko. Malam ya fito da luopan ɗinsa, faifan nan mai zobba-zobba da allura a tsakiya, don ya auna inda ƙofa ta fuskanta. Ya leƙa waje ya ga ruwa, ya dubi gwiwarsa, Gwaggo kuma tana ta cewa a yi sauri shayi zai huce. Sai kawai ya tsaya a kan dokin ƙofa, ƙarƙashin rufi, ya daidaita faifan a cikinsa. Ya daɗe yana kallo. Fuskarsa ta sauya.

"Kash," ya ce. "Layin wofi."

A faifan nan kowace fuska tana da gidanta, to in allura ta ƙi shiga wannan ta ƙi shiga wancan, ta hau kan layin da ya raba su, shi ne layin wofi. Babu abin da masu duba gida ke tsoro kamarsa.

"Me yake nufi?" Mama ta tambaya, muryarta can ƙasa.

"Gidan da ƙofarsa ta hau layin wofi ba ya riƙe namiji."

"Ahaf!" Gwaggo ta tafa hannu, awarwaro suka yi kuka. "Ai ruwa ba ya tsami banza. Ina maigidan yake yau? Ku faɗa min, ina yake?"

A gaban matar da ta rasa mijin ta faɗi haka. Inna Baozhu ta juya ta shige kicin. Na ji kamar in cire takalmina in yi abin da za a daɗe ana ba da labari a dangi, amma na haɗiye. Domin idona yana kan wani abu dabam. Allurar ba ta tsaya ba. Rawa take yi, 'yar mitsitsiyar rawa, kamar kazar da aka jiƙa.

A mota ba wanda ya yi magana sai Gwaggo, ita kuwa ta yi ta mutum huɗu.

"Likita Hong, likitan haƙorin nan, hawa na ashirin da uku yake, ƙofarsa tana kallon kudu, akwai lifta biyu. Ke me kika gani a jikin mai warin kifi? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

"Gwaggo, ai shi ya sa kika hau hawa na ashirin da uku."

"Kin ji ta ko? Kin ji bakin 'yarki?"

Mama ta ce, "Asabar mai zuwa zan mayar musu da takardarsu. Da hannuna zan kai, ba zan aika ba. Matar nan ba ta yi mana komai ba."

Da muka isa gida na bi ta har ɗaki. Na ce Mama allurar nan rawa take yi. Ta ce in fita mata daga ɗaki. Na ce ba teku zan aura ba, mutum zan aura. Ta juyo ta kalle ni, idonta a bushe.

"Ni ma haka na ce wa uwata."

Na yi fushi, ba zan ɓoye muku ba, amma tausayinta ya fi fushin yawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake.

Wayata ta yi ƙara. Minghai ne.

"Kin isa?"

"Na isa. Yaya Inna?"

"Tana ɓarar kawa tun ɗazu. Ta cika roba biyu, ba wanda ya ce yana so."

Can sai ga wani saƙon. "A-Lan, in gidan ne matsala zan fasa bango in juya ƙofar."

"Kada ka taɓa ko ƙusa. Ran Talata ba ni da aiki, ina zuwa."

"Da me?"

"Da kakana."

Ya turo min hoton fuska mai zare ido, don ya san A-gong, mahaifin Mama, ya shekara goma sha ɗaya a kabari. Abin da bai sani ba, A-gong shi ne ya koya wa Malam Zhuang duba gida. Bai koya min ba, ba a koya wa mata, amma ni ce mai riƙe masa jan zare tun ina 'yar ƙarama, kuma kunne ba ya neman izini. Abin da ya fi nanatawa shi ne, "In allura ta yi rawa kada ka tuhumi gida, tuhumi inda ƙafarka take." Kafin ya auna ƙofa sai ya cire agogo, ya ajiye makullai, ya ja zare daga bakin ƙofa, ya ja da baya taku bakwai. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ya yi takun nan bakwai.

Luopan ɗinsa yana saman kabad ɗin Mama, naɗe da jan ƙyalle. Ran Talata da ta tafi kasuwa na taka kujera na sauko da shi. E, sata ce. Ku rubuta min a saƙo, na karɓa.

Na sa wando da takalmin roba, na cire 'yan kunne da sarƙa, har rigar da na zaɓa babu zif a jikinta. Na tarar da Minghai a ƙofar gida yana jirana da makullan inji cike da aljihu.

"Cire duk wannan tarkacen ka kai can. Da wayarka. Da bel."

"Bel kuma? Wandon fa?"

"Ka riƙe da hannu. Aure kake so ko wando?"

Ya tsaya riƙe da wando da hannu ɗaya, zare a ɗaya hannun, maƙwabta biyu suna leƙe ta katanga. Na hau dokin ƙofa daidai inda Malam ya tsaya. Allura ta hau layin wofi tana karkarwa. Na ja da baya taku ɗaya, tana nan. Taku uku, ta ɗan gusa. Taku biyar, rawar ta ragu. A taku na bakwai ta juya a hankali ta shige tsakiyar gidan kudu maso gabas, ta tsaya cak kamar an kafe ta. Na sake daga hagu, na sake daga dama. Sau uku amsa ɗaya.

Na zauna a kan yashi na yi kuka, luopan a cinyata.

"Lafiya? Ya fi na da muni ne?" Minghai ya rugo, ya manta da wando, ya cafke shi a gwiwa.

"Gidanku lafiyarsa ƙalau. Akwai ƙarfe a bakin ƙofar nan, babba, shi ke jan allurar. Me kuka binne?"

"Ƙarfe? Ƙofar katako ce, dokin ƙofa dutse ne. Ko bututun ruwa ta baya ya shigo." Ya ɗaga murya. "Inna! Akwai wani ƙarfe a ƙarƙashin ƙofar nan?"

Inna Baozhu tana zaune a 'yar kujerarta tana ɓarar kawa. Na ga wuƙar ta tsaya a hannunta.

"Babu komai," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ku zo ku ci taliya kafin ta kumbura."

Ban matsa mata ba. Amma na gane ta ciki na ciki.

Saura babban aikin. Da a ce na ɗauki hoton allurar na watsa a zauren dangi na waya, da na gama da kaina. Wa zai yarda da 'yar shagon magani a kan dattijon da ya shekara hamsin yana duba gidaje? Kuma in na kunyata shi a bainar jama'a, ko don kare fuskarsa sai ya kafe a kan layin wofi har ya mutu. Don haka ran Laraba da na tashi aiki na sayi ganyen shayi mai kyau da man shafawa na gwiwa, na nufi gidansa.

Na zuba masa shayi da hannu biyu. Na ajiye luopan ɗin A-gong a teburi, na kwance jan ƙyallen. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, ya kai yatsa ya shafa gefen da ya goge saboda riƙo.

"Da wannan ya taɓa ƙwala min a ka," ya ce.

"Malam, tambaya na zo yi, ni ban san komai ba. Na tuna A-gong yana cewa awon da aka yi ranar ruwa ba ya cika sai an maimaita shi ranar da gari ya washe. Ko ban ji daidai ba ne?"

A-gong bai taɓa faɗin haka ba. Ni na sani, Malam Zhuang ma ya sani. Ya kalle ni ta saman tabarau.

"Taku nawa kika yi?"

Na sunkuyar da kai. "Bakwai."

"Sau nawa?"

"Uku."

Ya kurɓi shayi. Kunnuwansa sun yi ja. Na ji tsoro ya kama ni, na ce yau na ɓaro ta. Can ya sauke ajiyar zuciya.

"Gwiwar nan tawa ita za ta kai ni wuta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ko da ɗan mace ce." Ya tura min luopan ɗin. "E, malamina ya kan faɗi haka. Ranar ruwa awo ba ya cika. Zan kira uwarki da kaina."

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, 'yan uwa. Na fito gidan nan kamar in yi tsalle a titi.

Asabar ta zo, gari ya washe tas. Mama ta sa rigarta mai ruwan toka, na ga ta duba jakarta sau biyu ta tabbatar jar takardar tana ciki. Gwaggo ta zo da laima da fushi.

"Awo sau biyu? Gida ne ko hawan jini?"

Wannan karon Malam ya cire agogonsa ya miƙa wa Mama. Ya ba ni bakin zare ya ce, "Riƙe, kin saba." Ya ja da baya yana ɗingishi yana ƙirgawa a fili, har bakwai. Ya duba. Ya matsa hagu ya duba, ya matsa dama ya duba.

"Kudu maso gabas, tsakiya tsaf. Gida ne mai tara zuriya."

"A'a! Makon jiya ka ce layin wofi!" Gwaggo ta zabura.

"Makon jiya ana ruwa." Ya tako ya hau dokin ƙofa, ya nuna mata allurar tana rawa. "Kin gani? Ba gidan ba ne. Akwai ƙarfe a ƙarƙashin dutsen nan, kuma ba ƙarami ba. Sai an tona an ga ko mene ne. Minghai, kawo diga."

"Ba mai taɓa dutsen nan."

Inna Baozhu ce. Ta fito daga kicin da wuƙar kawa a hannu, ta zo ta zauna daram a kan dokin ƙofa. Duk tsawon sanina da ita ban taɓa jin ta ɗaga murya ba.

"Inna, mene ne a ciki?" Minghai ya tambaya.

Ta daɗe tana murza bakin rigarta. Da ta buɗe baki ba shi ta kalla ba, Mama ta kalla.

"Ƙugiyar jirgin babansa ce. Ƙarfen da ake jefawa ruwa ya riƙe jirgi. Biyu gare shi, ranar ya tafi da ɗaya ya bar ɗaya a gida wai za a yi mata walda. Da aka yi kwana arba'in da tara bai dawo ba, na tura yaron nan gidan ƙanwata, na ɗaga dutsen nan ni kaɗai. Kwana biyu ina tona." Ta share hanci da bayan hannu. "Na ce tunda ba ta riƙe uban ba, ta riƙe min ɗan. Duk inda ya je, in ya tsallaka ta ya fita, ta jawo min shi ya dawo. Shekara ashirin da ɗaya ke nan, kullum yana dawowa. Ku yi min dariya in kuna so. Amma ba mai cire ta ina raye."

Ba wanda ya yi dariya. Minghai ya juya mana baya yana kallon bango, kafaɗunsa suna motsi. Gwaggo ma, da na saci kallonta, ta buɗe laima ta rufe fuska ba rana ba ruwa. Yayanta ne fa teku ya ci, wani lokaci mantawa nake yi.

Mama ta tako a hankali. Ta tattare rigarta ta zauna a kan dokin ƙofar kusa da Inna Baozhu, fuskarta tana kallon teku. Shekara goma sha tara rabon da in ga ta kalle shi.

"Ni nawa bai bar komai a gida ba," ta ce. "Da duka ya tafi. Shi ya sa na ɗauki 'yata na gudu sama."

"Kowa da inda ya binne tasa, Maman A-Lan."

Malam Zhuang ya yi gyaran murya ya ce a ilimance ƙarfe a ƙarƙashin ƙofa ba abin so ba ne, amma wanda uwa ta binne da hannunta babu littafin da ya yi magana a kansa, don haka shi bai ga komai ba. Ya karɓi agogonsa ya koma mota.

Na ɗauka an gama. Har na fara murmushi. Sai Mama ta ɗago.

"Minghai."

"Na'am, A-yi," ya amsa, yadda ake kiran sa'ar uwa a nan.

"Gida na ji, gida lafiya. Saura kai. Gyaran inji kake yi a tudu, haka aka gaya min. Ka yi min alkawari ɗaya a gaban uwarka: duk ranar da iska ta tashi, kana cikin ƙofar nan."

Na kafe shi da ido. Na roƙe shi da ido, na yi masa barazana da ido, na ce a raina ka ce to kawai, ka ce to mu wuce wurin, sauran ni zan ji da shi. Ya kalle ni sau ɗaya, na san ba zai yi ba. Abin da ya sa nake sonsa ke nan, kuma a lokacin abin da ya sa na so in shaƙe shi ke nan.

"A-yi, ba zan iya miki ƙarya ba. Ina cikin masu jirgin ceto. In iska ta tashi aka ce akwai wanda bai dawo ba, fita nake yi. Ranar da babana ya ɓata ba wanda ya fita."

"Kun ji ko!" Gwaggo ta leƙo daga bayan laima. "Kun ji abin da ake ɓoye mana!"

Mama ta juyo gare ni. "Kin sani?"

"Na sani, Mama."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

Ta buɗe jaka ta ciro jar takardar. Inna Baozhu ta miƙo hannu a sanyaye don ta karɓa. Mama ta riƙe takardar tana kallon ruwa, iska tana kaɗa bakinta.

"Mutum nawa kuka ciro?"

"Bara bakwai. Bana uku."

"Duk sun koma gidajensu?"

"Duka, A-yi."

"Da akwai irin jirgin nan a lokacin..." Ba ta ƙarasa ba. Ta mayar da takardar cikin jaka ta ja zif. "Ni na kasa yanke wannan. Zan ɗora ta gaban babanta. Kwana uku. In ko cokalin tangaran ya fashe a gidana, zan dawo muku da ita, kuma kada wanda ya sake zuwa min da zare."

Da yamma ta kunna turaren tsinke, ta ɗora takardar gaban hoton Baba, ta danne ta da lemo. Na shige ɗaki ina lissafin kwanukan da muke da su. Sai ga saƙon Gwaggo a zauren dangi, da hoton akwatinta.

"Ina tafe. Zan kwana uku wajenku in taya ku aikin gida, kada a ce ban yi zumunci ba."

Ku da kuka san Gwaggo ta Uku, matar da ko a ranar lafiya kofi ba ya kwana a hannunta, kun san me wannan taimakon yake nufi. Na diro daga gado. Na ce ko za a mutu sai na kwashe duk wani abin fashewa na gidan nan na kulle a kabad ɗina, in ya so Mama ta yi min duk faɗan da za ta yi, mu ci abinci a murfin tukunya. Na taka dutse na taka yashi na kai nan, ba kwanon miya ne zai raba ni da Minghai ba.

Na tura ƙofar kicin da ƙarfi, sai na tsaya.

Mama tana zaune a ƙasa dirshan, tsofaffin jaridu baje a gabanta, kwali a gefe. Ta riga ta naɗe kwanukan shinkafa shida. Butar shayin aurenta ce a hannunta, tana naɗe ta ninki uku. A kan teburi ga sababbin kofunan roba, ko ledar ba a cire ba. Idonta ya yi ja, ba ta ɗago ta kalle ni ba.

"Me kike kallo? Miƙo min jarida. Ki hau kujera ki sauko da na saman can, a hankali, da hannu biyu. Yi sauri kafin gwaggonki ta iso."